Wa Ya Ga Fuskar Bayajida? Tarihinmu a Hannun Masu Zane

Yau za mu ɗan ajiye maganar farashin hatsi da ta hanya mu taɓa tarihi. Tarihin kuwa yana da alaƙa da irin hotunan da yaranmu ke kallo a salula kowane dare.

A 2018 wani marubuci ɗan Najeriya, Claude Opara, tare da mai zane Ibrahim Yakubu, suka fitar da labarin Bayajida cikin littafin zane, irin wanda ƴan lakwal ke kira BD: hoto bayan hoto cikin ƴan akwatuna, maganar kowa a rubuce kusa da bakinsa. Da Ingilishi ya fara fitowa, da shekara ta zagayo aka fassara shi da Faransanci. Shekara guda kafin nan, a 2017, Roye Okupe, haifaffen Legas mazaunin Amurka, ya fitar da nasa littafin mai suna Malika: Warrior Queen, wanda ya samo tushensa daga labarin Sarauniya Amina ta Zazzau.

Kun ga ke nan labarin da kakanninmu suka riƙa bayarwa da baki ya samu fuska, ya sa riga, har ya samu launin fata. Mai ba da labari da baki yana iya cewa “sai wani baƙo ya iso da dare”, ya wuce abinsa, kowa ya ƙaga baƙon a ransa. Mai zane ba shi da wannan damar. Dole ya yanke ko baƙon fari ne ko baƙi, ko da rawani yake ko da hula, ko doki ya hau ko jaki. Abin da ya yanke kuwa shi zai zauna a kan yaron da ya gani, ya girma yana ɗaukar haka abin ya faru. Wannan ce maganarmu ta yau.

YADDA ABIN YA FARO A WASU ƘASASHE

Ba a kanmu aka fara ba. Turawa suna da nasu tsofaffin labarai na zamanin da suke kira na tsakiya, wato daga wajen shekara ta 500 zuwa 1500. Mafi shahara shi ne na Sarki Arthur na Ingila da jarumansa. A 1937 wani mai zane, Hal Foster, ya fara buga Prince Valiant a jaridun Amurka kowace Lahadi, labarin wani yarima a fadar Arthur. A 1962 kamfanin Marvel ya ɗauko Thor, abin bautar mutanen arewacin Turai na dā, mai tsawa da guduma, wanda labaransa ke cikin littattafan da aka rubuta a tsibirin Aislan a ƙarni na 13, ya mai da shi jarumin littafin zane. A Indiya, Anant Pai ya kafa Amar Chitra Katha a 1967, ya zuba tsofaffin labaran ƙasarsu cikin ɗaruruwan ƙananan littattafai. Mu a nan, waɗanda suka yi lakwal a shekarun 1970 da 1980 za su tuna da mujallar Kouakou da ake rabawa a ƙasashe renon Faransa.

Daga baya malaman jami'a suka ga abin ya wuce wasan yara, suka zauna suna nazarinsa. Akwai Chris Bishop da ya fitar da littafi a 2016 kan yadda masu zanen Amurka suka yi amfani da labaran zamanin tsakiya. Akwai Karline McLain da ta fitar da nata a 2009 kan littattafan Indiya. Aikinsu shi ne su ajiye tsohon rubutu a dama, sabon zane a hagu, su duba me aka ɗauka, me aka zubar, me aka ƙara, kuma saboda me.

Abin da masu wannan nazari ke yawan tararwa shi ne, zane ya fi ba da labarin zamanin mai zanen a kan zamanin jarumin. Thor na tsofaffin littattafai mai jan gemu ne. Na Marvel ya fito ba gemu, da dogon gashi ruwan zinariya, kamar ɗan wasan fim. Arthur, in ma ya taɓa rayuwa, a wajen shekara ta 500 ne, amma Foster ya ba jarumansa manyan ganuwoyin dutse da kayan yaƙin da sai bayan ɗaruruwan shekaru aka san su. A Indiya kuwa an daɗe ana sukar littattafan nan da cewa jarumai da kyawawan mata farare ake zana su, miyagu da dodanni kuma baƙaƙe. Ku riƙe wannan ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Afirka ta Yamma ma ta shiga. A 1960 Djibril Tamsir Niane na Gine ya rubuta labarin Sunjata, wanda ya kafa daular Mali bayan yaƙin Kirina a wajen 1235, kamar yadda ya ji daga bakin maroƙi Mamadou Kouyaté. A farkon shekarun 2000 Will Eisner, ɗaya daga cikin manyan masu zanen Amurka, ya mai da labarin littafin zane. Yanzu layi ya zo kan Daura da Zazzau.

LABARIN KAMAR YADDA MUKA SABA JI

Kusan kowa ya san shi, amma bari mu tuna. An ce Bayajida, ko Abuyazidu, ɗan sarkin Bagadaza ne. Ya bar gida da mayaƙa ya iso Borno, Mai ya ba shi ƴarsa Magira. Sannu a hankali aka raba shi da mutanensa, ya ga ransa na cikin haɗari, ya gudo yamma da matar. Ya bar ta a Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja, inda ta haifi Biram. Ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce ai nan ba a ɗiban ruwa sai ran Juma'a, saboda macijin da ke rijiyar Kusugu, wanda ake kira Sarki. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin. Sarauniya Daurama ta ce za ta ba shi rabin gari, shi kuwa ya ce aurenta yake so. Ta ba shi kuyanga, Bagwariya, ta haifi Karɓagari. Daga baya ita Daurama ta haifi Bawo. Ƴaƴan Bawo shida suka mulki Daura, Katsina, Zazzau, Gobir, Kano da Rano, aka haɗa da Biram suka cika Hausa Bakwai. Zuriyar Karɓagari kuma aka ce su ne Banza Bakwai.

ABIN DA MASANA SUKA TONO

Abu na farko da masana suka lura da shi, rubutun wannan labari bai tsufa kamar labarin ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812, ya ambaci Bawo, amma a wurinsa Bawo bawan sarkin Borno ne da aka ɗora kan ƙasashen Hausa. Babu Bagadaza, babu ɗan sarki. Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya ratsa ƙasashen nan, har ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852, shi ma ya rubuta abin da ya ji game da Hausa Bakwai. Cikakken labarin da aka fi yaɗawa ya bi ta hannun H. R. Palmer, jami'in mulkin mallakan Ingila, cikin Sudanese Memoirs na 1928. Shi Palmer ɗin ne ya fassara Tarihin Kano zuwa Ingilishi a 1908. Tarihin Kano ya fara sarauta da Bagauda ɗan Bawo, aka ƙiyasta hawansa a shekara ta 999. Masana irin su Murray Last da John Hunwick sun nuna cewa a ƙarshen ƙarni na 19 aka tattara littafin a surar da muke da ita yau.

Ku lissafa da kanku. In Bagauda ya hau a 999, to kakansa Bayajida mutumin shekarun 900 ne. Tsakaninsa da rubutun Bello akwai shekara fiye da 800, duk a bakin mutane labarin ya yi su. Abin da ya yi shekara 800 yana yawo daga baki zuwa baki, kowane zamani sai ya ɗora masa nasa. Ko ranar Juma'ar nan da sunanta na Larabci alama ce, tunda Tarihin Kano ya nuna sai zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka kawo Musulunci fadar Kano.

A kan ma'anar labarin kuwa masana sun rabu. W. K. R. Hallam, a wata maƙala ta 1966, ya danganta sunan da Abu Yazid, wani Barbar da ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a Arewacin Afirka aka kashe shi a 947, wanda ake wa laƙabi da mai jaki. A ganinsa mabiyansa ne suka tsero kudu suka zo da sunan. Abdullahi Smith, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a 1970 ya ce a'a, sarautar Hausa daga cikin gida ta tsiro: ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa, ta hanyar noma da ƙira da kasuwa da wuraren bauta irin Dutsen Dala. Dierk Lange na Jamus ya bi labarin ta bikin Gani na Daura, ya nemo masa tushe a tsohuwar Gabas ta Tsakiya, wasu masanan da dama kuma ba su yarda da shi ba.

Akwai kuma wani abu da ke fitowa fili in aka duba maƙwabta. Tarikhus Sudan na Abdurrahman Sa'adi, wanda aka rubuta a ƙarni na 17, ya ce sarautar Songai ta fara ne da wani baƙo daga Yaman da ya kashe kifin da mutanen Kukiya ke bauta wa. Soninke suna da labarin macijin Bida na Wagadu. Sarakunan Borno na gidan Saifawa suna jingina kansu da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman. Baƙo daga gabas, dodo a bakin ruwa, sabuwar sarauta: zubi ɗaya ne a wurare da yawa. Bayan shigowar Musulunci, gidan sarauta ya fi samun daraja in asalinsa ya kusanci ƙasashen Larabawa. Wannan bai mai da labarin ƙarya ba. Yana nuna mana cewa aikinsa shi ne bayyana wa ke da haƙƙin sarauta, wa ke ɗan'uwan wa, wa ke gaba da wa.

ME YA HAƊA MATAMAYE DA WANNAN?

Wani zai ce ai wannan maganar Daurawa ce. To mu duba hanya. Daga nan ka bi ta Ɗan Barto ka tsallaka Kwangwalam, kafin ka gama hira da direba ka shiga Daura. Iyakar da ke tsakani yarjejeniyar Faransa da Ingila ce ta shata ta, tsakanin 1898 da 1906. Kafin nan auratayya da kasuwa da sarauta duk a cakuɗe suke, har gobe ma haka.

Bayan wannan, lokacin jihadi, a wajen 1805, Malam Isiyaku ya karɓe Daura. Sarkin Gwari Abdu, sarkin tsohon gida mai jingina kansa da Bawo, ya fito da jama'arsa ya yo arewa. Ya zaga har ƙasar Mirya, daga bisani ya zauna Yekuwa, wadda yau take cikin Nijar ta wajen Magarya. Zuriyarsa ta rabu tsakanin Zango da Baure, suka zauna ƙarƙashin inuwar Damagaram, musamman zamanin Sarki Tanimun da ya rasu a 1884. Sai a 1906 Turawan Ingila suka mai da Malam Musa na wannan gida kan gadon Daura. M. G. Smith ya bi wannan tarihi dalla-dalla a littafinsa The Affairs of Daura na 1978.

Ke nan kusan shekara 100 masu riƙe da labarin Bayajida, da makaɗansu da maroƙansu da masu sarautunsu, a wannan yankin namu suka yi ta kai da kawo. Da wuya a ce ba su bar komi a bakin mutanen Yekuwa da Magarya da Kance ba. Ƙasar Kance kanta ta ga masu bincike: Guy Nicolas na Faransa ya yi nazari a kanta a shekarun 1960, kan yadda dukiya da kyauta ke zagayawa tsakanin jama'a. André Salifou, ɗan Damagaram wanda jami'ar jiharmu ke ɗauke da sunansa, ya fitar da tarihin Damagaram na ƙarni na 19 a 1971. Amma nawa ne cikin ƴan lakwal ɗinmu suka taɓa riƙe waɗannan littattafai? Hoto kuwa, da ya shigo salular mutum ɗaya, kafin la'asar ya zaga unguwa.

ABIN DA ALƘALAMIN ZANE ZAI YANKE

Mu ɗauka wani yaronmu mai baiwar zane ya zauna zai zana labarin. Ga abin da zai ci karo da shi.

Na farko, tufafi da kayan yaƙi. Hannunsa zai tafi kai tsaye ga abin da ya saba gani a hawan Sallah: lifidi, sulke, kwalkwali, kakaki a gaban sarki. Amma Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Kakaki da figini kuwa ga Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka jingina su. In ya sa wa Bayajida lifidi, ya yi masa gaba da shekara 400.

Na biyu, abinci da gona. In ya zana kasuwar Daurama da tulin masara, gyaɗa, rogo, tumatir da barkono, ya yi kuskure, don duk waɗannan daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan 1492. Gyaɗar nan da ƙasar Kance da Magarya suka yi suna da ita zamanin Turawa, Daurama ba ta taɓa ɗanɗana ta ba. Gero da dawa da wake su ne na gida.

Na uku, kuma shi ya fi nauyi, fuskar Bayajida. In aka bi Bagadaza, farin Balarabe za a zana. In aka bi Hallam, Barbar ne a kan jaki. In aka bi Bello, maganar ta koma Borno. In aka bi Abdullahi Smith, watakila ma baƙon alama ce kawai ta sauyin da ya faru a cikin gida. Turawan mulkin mallaka da yawa sun so fassarar farin baƙo, don ta dace da ra'ayinsu cewa baƙar fata ba ya kafa daula sai wani ya zo daga waje ya nuna masa. To a ce shafi bayan shafi yaro yana ganin farin mutum a kan doki, baƙaƙen mutane a tsugune suna jiran ya ba su ruwan rijiyarsu. Me zai ɗauka game da kansa? Abin da aka soki littattafan Indiya da shi ke nan, a ƙasar da man bilicin ya riga ya cika kasuwa.

Na huɗu, Daurama. Jerin sarautar Daura ya lissafa sarauniyoyi mata tun daga Kufuru, waɗanda suka yi mulki kafin zuwan baƙon, har da ƙaura daga Tsohon Birni zuwa inda garin yake yanzu. Wato da gari da sarauta da tsari duk suna nan kafin ya iso. Mai zanen da ya buɗe littafi da Bagadaza ya mai da Daurama ladan jarumta. Wanda ya buɗe da Tsohon Birni ya mai da Bayajida baƙon da aka karɓa. Duka biyun suna cikin labarin, shafin farko ne ke bambanta su.

Na biyar, Bagwariya da Banza Bakwai. Jerin ya kan sauya, amma ana yawan ambaton Zamfara, Kabi, Yawuri, Nupe, Gwari, Kwararrafa da Yarabawa. Waɗannan mutane suna nan da ransu, muna kasuwa da su, muna aure da su, kuma kowannensu yana da nasa labarin asali da bai san da Karɓagari ba. Yadda za a zana uwarsu, a wulaƙance ko da mutunci, magana ce ta zaman tare a yau.

DARASI DAGA AMINA DA SARAUNIYA MANGU

Labarin Amina ya nuna wata matsalar. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nupe cikin shekara 34, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Wasu masanan, bisa jerin sarakunan Zazzau, sun kai ta ƙarni na 16, ƴar Bakwa Turunku. Tazarar ta fi shekara 100. Roye Okupe ya kauce wa gardamar: ya sauya mata suna zuwa Malika, ya kira daularta Azzaz, ya haɗa ta yaƙi da rundunar Sin, ya ba ta takobin tsafi. Ba wanda zai ce ya yi wa tarihi ƙarya, tunda bai ce tarihi yake rubutawa ba. Sai dai wanda ya karanta shi bai ƙaru da sanin Zazzau ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa. Ita ba ta zamanin dā can ba ce, a Afrilun 1899 ta yi karo da rundunar Voulet da Chanoine, waɗanda ƙarshensu ya zo a watan Yuli na wannan shekarar a wajen Maijirgi, nan kusa da Tasawa. Takardun Faransawa kaɗan suka faɗa a kanta. A 1980 Abdoulaye Mamani ya rubuta ƙagaggen labari da sunanta. A 1986 Med Hondo ya mai da shi fim, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Masana irin su Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Yamai da Elara Bertho ta Faransa sun bi sawun yadda sarauniyar littafi da fim ta bambanta da wadda mutanen Lugu ke ba da labari. Yau in ka ce Sarauniya, abin da ke zuwa ran mafi yawanmu ta fim ce. Cikin ƴan shekaru hoto ya rufe abin da baki ya riƙe. Abin da ya faru da labarin jiya-jiya, ina ga na shekara 1,000?

TO MENE NE ABIN YI?

Ba cewa muke a daina zane ba. Yaron da ba zai karanta shafi 300 na Faransanci ba zai cinye littafin zane a zama ɗaya, har ya ba ƙanensa labari. Akwai ma hanyar da aka gwada ta yi kyau. Malamin tarihi Trevor Getz da mai zane Liz Clarke sun fitar da Abina and the Important Men, labarin wata mata, Abina Mansah, da ta kai ƙarar wani mai dukiya kotu a 1876 a ƙasar da yau ake kira Gana, kan ya riƙe ta a matsayin baiwa. Sashen farko zane ne. Bayansa suka buga ainihin takardar shari'ar, sannan suka yi bayanin inda suka cike giɓi da tunaninsu. Mai karatu yana ganin abin da aka samu a rubuce da abin da aka ƙaga, ya yi wa kansa hukunci.

Irin wannan muke so a yi wa Bayajida. A zana labarin ya yi daɗi, a ƙarshe a ware shafi huɗu ko biyar a ce: ga abin da Bello ya rubuta, ga na fadar Daura, ga yadda wani dattijo a Yekuwa ya faɗa, mu kuma ga wanda muka zaɓa da dalilinmu.

Kafin a kai nan akwai aikin da ba ya jiran kuɗin kowa. Duk mai salula yana da abin ɗaukar murya a aljihunsa. Mu je wurin tsofaffinmu, makaɗan fada, maroƙa, maƙera, wanzamai, da tsofaffin mata waɗanda su ne rumbun labari. Mu nemi izininsu, mu ɗauki abin da suka sani game da Daura, da kafuwar garuruwanmu, da yaƙe-yaƙen Damagaram. Mu rubuta sunan garin da ranar da aka ɗauka, da wurin wanda shi mai faɗin ya ji. In ruwayoyi biyu sun saɓa, kada mu gyara ɗaya don ta dace da ɗayar, kuma kada mu gyara wa tsoho magana don ta yi daidai da littafin lakwal. Saɓanin nan shi masana ke nema. Wurin kai irin wannan ajiya yana nan: cibiyar CELHTO a Yamai tun 1968 aikinta ke nan, tattara tarihin baka, ga IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, ga kuma Jami'ar André Salifou a Damagaram.

Masu zane ma muna da su, sai dai ba mu kiran su da wannan suna. Wanda ke zana allon shago da bayan babbar mota, da mai ɗinkin aska takwas a wuyan riga, da maginin da ya ƙawata bangon gidajen Birni a Damagaram, duk ido da hannu ɗaya ne. Yaron da ke cika bayan littafinsa da zanen dawaki, mushe yana ƙwace masa, watakila shi ne mutumin. A nuna masa Kusugu da idonsa, a kai shi ya ga takobin da ke fadar Daura, ya zauna da maƙeri ya ga yadda ake fitar da wuƙa daga wuta.

Sai harshe. Littattafan nan biyu da muka ambata da farko, da harsunan Turawa suka fito. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. In haka ne, ya kamata Ayana ta yi wa baƙonta magana da Hausa a cikin akwatin zane, yadda kakar da ba ta yi lakwal ba za ta ji jikanta na karantawa ta ce masa a'a, ba haka aka faɗa mana ba, ga yadda yake.

Wanda duk yake da tsoho a gida mai irin wannan labari, ya daure ya zauna da shi cikin wannan mako, kada a bari sai an gama aikin gona. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa dattawanmu lafiya, Ya ba yaranmu ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.